Kafin a sare ɗorawar ƙarshe a gonakin Kangire

Duk wanda ya ratsa gonakin Kangire a ƙaramar hukumar Birnin Kudu, ko ya gangara Gwaram a tsakiyar damina, zai iya ƙirga ɗorawa da kuka da tsamiyar da ke cikin gona da yatsun hannunsa. Gero da dawa kuwa dubbai ne a gonar, ciyawar da ke ƙarƙashinsu ma ba ta ƙirguwa. Wannan tsohuwar ƙa'ida ce a rayuwar tsirrai: gwargwadon girman jikin tsiro, gwargwadon ƙarancinsa a fili.

Dalilin a bayyane yake. Hasken rana daga sama yake zuwa, don haka wanda ya fi tsawo shi ke fara sha, ya bar wa na ƙasa inuwa. Babban itace yana buƙatar fili da ruwa da abinci mai yawa, shi ya sa kaɗan ne ke samun wuri. A 1963 wasu masana a Japan, ƙarƙashin Kyoji Yoda, suka nuna cewa idan tsirrai suka cunkushe, yayin da wasu ke ƙara girma sai raunana su riƙa mutuwa, yawansu ya ragu bisa lissafi. Manominmu ya san haka tun kafin a rubuta, domin idan gero ya tsiro da yawa a rami yakan rage, ya bar biyu ko uku don su yi zangarniya mai kyau. Haka ma binciken cibiyar IITA a Kano ya nuna wake ya fi yabanya idan aka yi layi 2 na hatsi da layi 4 na wake, saboda inuwar dawa ba ta danne shi.

Sai dai rinjayen babba bai wuce wajen rabon haske ba. Wajen haihuwa ƙanana ne ke gaba. Dubi wuta-wuta: ƙwaya ɗaya tana zubar da iri dubun-dubata, irin kuma yana iya kwanciya a ƙasa fiye da shekara 10 yana jiran saiwar dawa. Ita kuwa kaɗanya tana ɗaukar shekara 15 zuwa 20 kafin ta fara 'ya'ya. Ƙaramin tsiro idan aka nome shi bana, baɗi zai dawo. Babban itace idan ya faɗi, sai jikoki su ga madadinsa, in ma an bar madadin ya tashi.

A nan damuwarmu take. Yawancin manyan itatuwan da ke tsaye a gonakin kudancin Jigawa tsofaffi ne, gadon iyaye da kakanni. Masu gawayi da masu itacen girki kuma su suka fi nema, saboda su ne masu kauri. 'Ya'yansu da ke tsirowa ba sa kai labari: garma ta tuge wasu, wutar sassabe ta cinye wasu, awaki su ƙarasa sauran da rani. Gona na iya zama kore shar da ciyawa da sabara, mai ita ya ɗauka lafiya lau, alhali babu ɗorawa ko ɗaya mai tasowa. Ranar da tsohuwar ta tafi, kalwar daddawa ta tafi, kuɗin da mata ke samu daga gare ta ma ya tafi.

Manomi yana da hujjarsa, kuma bai kamata a raina ta ba. Inuwar babban itace tana rage hatsin da ke gindinsa, gonaki kuma sai ƙara tsukewa suke yi saboda rabon gado. Amma ba duk itace ne ke gasa da amfanin gona iri ɗaya ba. Gawo yana zubar da ganyensa da damina, ya bar wa gero haske, ganyen ya zama taki, da rani kuma ya yi ganye da 'ya'yan da dabbobi ke ci. Ɗorawa da darbejiya masu inuwa mai kauri ana iya rage musu rassa, ko a bar su a kan iyakar gona.

Maƙwabtanmu sun gwada. Tun farkon shekarun 1980 manoman jihar Maraɗi a Nijar suka fara abin da suke kira sassabin zamani: maimakon tuge kututture, sai a zaɓi tofo mafi ƙarfi a bari, a sare sauran, a kare shi har ya zama itace. Wato ragin da ake yi wa gero aka yi wa itace. An ƙiyasta dabarar ta farfaɗo da kusan hekta miliyan 5 a ƙasar, ba tare da dogaro da dashe ba.

Jigawa na cikin jihohi 11 na shirin Babbar Koriyar Ganuwa, kuma kowace damina ana bikin dashen itatuwa. Muna maraba da hakan, amma a daina auna nasara da yawan abin da aka dasa, a koma duba nawa suka rayu bayan shekara 5. Malaman gona na hukumar JARDA su koyar da sassabin zamani ƙauye-ƙauye. Majalisun Birnin Kudu da Gwaram, tare da hakimai da dagatan masarautar Dutse, su ƙirga manyan itatuwan da suka rage, su hana sare su ba da izini ba.

Shi kuma manomi, idan ya ga ɗan gawo ko 'yar ɗorawa a kunyarsa a sharar gona ta bana, ya kauce da garma, ya kewaye ta da ƙaya. Aikin ba zai ci masa rabin yini ba.