Dajin littafi da dajin bayan gari

Akwai wani abin kunya da ya daɗe a makarantun ƙasar Nijar, har sabo ya hana a gan shi. Idan darasi ya zo kan daji, abin da ake ɗora wa yaro shi ne hoton kurmi mai duhu irin na Kwango, ko itacen Turai mai kaɗe ganye lokacin sanyi. Yaron ya hardace kalmomin da Faransanci, ya zuba su ranar jarrabawa, sannan ya koma gida ta ƙarƙashin gawo, bai san darasin ya shafi gawon ba. Abin da ya tsira da shi kawai shi ne cewa daji na gaskiya yana wata ƙasa, nasa kuwa fili ne da ƙaya.

Alhali babu littafin da zai bayyana yadda tsiro ke dacewa da wurin zamansa fiye da gawo. Itace ne mai saɓa wa sauran itatuwa: da damina, lokacin da kowa ke tofo, shi sai ya kaɗe ganye, ya tsaya tsirara, da rani kuma, sai ya yi kore shar. Saiwarsa na nitsewa har ta cim ma ruwan ƙarƙashin ƙasa, shi ya sa bai jiran girgije. Da yake ba shi da inuwa da damina, gero na samun rana a gindinsa. Ganyen da ya zuba ya zama taki. Ƴaƴansa su ciyar da bisashe a tsakiyar rani. Manoman Matameye da Magarya ba su jira masana ba kafin su san wannan, kuma ba banza ba sarakunan Damagaram suka tsananta doka a kan saransa. To, wane dalili zai sa malami ya tsallake wannan itace ya tafi neman misali bayan teku?

Kuka ma na tara ruwa a jikinta, aduwa na kare kanta da ƙaya, bagaruwa na jure wa ruwan da ke kwanciya a fadama. A kan tuddan kewayen Yamai, daji na fita jere-jere, layin itatuwa da layin fako. Ruwan da ya gangaro daga fakon shi ke shayar da layin itatuwan. Wanda bai koyi wannan ba, in ya girma ya samu muƙami, shi ne zai ce a dasa itace a fakon, ya raba dajin da ruwansa da sunan gyara.

Za a ce tsarin karatu ya yi yawa, kayan aiki babu, jarrabawa kuma da Faransanci ake yin ta. Uzuri ne mai rauni. Fita da aji zuwa bayan gari bai cin ko dala, kuma tun 1973 aka buɗe makarantar gwaji ta koyarwa da Hausa a Damagaram. Sunan itace da harshen gida bai hana yaro sanin sunansa na kimiyya. Shi ne ma ƙofar shiga.

Abin da ya fi zafi shi ne, babban darasin daji na wannan zamani a gonakin Maraɗi aka yi shi. Daga 1983, Tony Rinaudo da manoman yankin suka lura cewa kututturen sabara da kalgo da ake sassabewa kowace shekara ba matattu ba ne, saiwarsu na raye. Suka riƙa barin ƴan rassa masu ƙarfi, suna datse sauran. Masu bincike sun ƙiyasta cewa wannan dabara ta farfaɗo da wajen hekta miliyan 5 da itatuwa kusan miliyan 200. Ana zuwa daga ƙasashe don ganin aikin, amma ɗan manomin da ya yi shi yana cikin aji yana zana itacen da bai taɓa gani ba.

Bikin dashen itace na ranar 3 ga Agusta kuwa yana faɗowa ne cikin babban hutu, ajujuwa a rufe. Ƙungiyoyin al'adu da ke kukan ɓacewar kalmomin Hausa suna da aiki a nan: su tattara sunayen itatuwan dajin Baban Rafi daga bakin tsofaffi, makiyaya da masu magani, su miƙa wa malamai kafin komawar makaranta a watan Oktoba.