Hanya Ba Ta Ɗura Wa Kowa Lemo

Wani ɗan kasuwa da na sani, mai sarin kaya tsakanin Kano da Legas, likita ya ce masa sukarinsa ya hau, jininsa ma ya hau. Da na je duba shi, sai ya ce mini, "To Malam, wanda kullum yana kan hanya, yaushe zai zaɓi abin da zai ci?" Na gaji da jin wannan magana. Direban tirela ya faɗe ta, ma'aikacin da ke yawon taron bita daga otal ɗin Abuja zuwa na Kaduna ya faɗe ta, Hajiya mai zuwa Kwatano saro atamfa ita ma haka. Kowa ya ɗora wa hanya laifi, don ya san ba ta da bakin kare kanta.

Mu muka fara tafiya? Fatake sun yi ta zuwa Gwanja saro goro, wata da watanni a ƙafa bayan jakuna, guzurinsu garin gero da kilishi da ƙuli-ƙuli. Sun sha wuya, sun sha rana, amma sun san tun daga gida ake shirin abin da za a ci a daji. Mu kuwa sai mu ɗauki cajar waya biyu, mu manta da gorar ruwa.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne lemon kwalba. Mota ta tsaya a Kwanar Ɗangora, hannu ya fita ta taga, an karɓi roba guda mai sanyi da gurasa. An isa Tafa, an ƙara wata. Da safe kuma dama an sha shayi mai kauri, madarar gwangwani da sukari cokali huɗu, da rabin burodi. Robar lemo ta rabin lita, irin baƙin nan, tana ɗauke da sukari sama da giram 50. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce abin da babban mutum zai sha a yini guda kada ya wuce kimanin giram 50, wajen cokalin shayi 12 ke nan, in ya tsaya a rabin haka ma ya fi. Ke nan roba ɗaya ta cinye rabon yini kakaf, ga mutum zaune tun asuba, ko yatsan ƙafarsa bai motsa ba. Wallahi in ka zuba masa cokali 12 na sukari a tafin hannu ka ce ya lashe, zaginka zai yi. Amma da an narkar da shi an sa gas da sanyi, har godiya yake yi wa yaron da ya miƙo. A 2022 gwamnatin tarayya ta fara karɓar harajin naira 10 a kan kowace litar lemon zaƙi, wai don a rage sha. Naira goma! Ko almajiri ka ba wa ita yau sai ya dube ka sau biyu. Sai kuma wanda ake kira lemon ƙarin kuzari, da direbobi ke kwankwaɗa da dare don korar barci, wasu har su jefa tiramol a ciki. Barcin da aka kora bashi ne, kuma sau da yawa fasinja ke biyan sa a bakin gada.

Mun san shari'a ta tausaya wa matafiyi: ta yarje masa ƙasaru, ta yarje masa ajiye azumi ya rama. Ban taɓa jin malamin da ya ce an ɗauke masa amanar jikinsa ba. Ayar da ta ce a ci a sha kada a yi almubazzaranci tana aiki a tasha, haka hadisin da ya raba ciki kashi uku, na abinci da na ruwa da na numfashi.

Kuma a tagar nan da ake miƙo lemon, ana miƙo gyaɗa, da ayaba, da dafaffen ƙwai, da gurji, da kankana, da ruwa. Duk suna nan a faranti, kuma galibi sun fi araha.

Na yarda akwai inda ake zaluntar matafiyi. Mata da yawa suna ƙin shan ruwa tun daga Kano har Lokoja, saboda banɗakin tasha ba ya shiguwa, direba kuma in ka ce ya tsaya sai ya haɗe rai kamar ka nemi gadonsa. Shugabannin tasha da ke karɓar kuɗin lodi kullum, ina kuɗin ke tafiya? Haka masu shirya taro a otal, da ke jera cincin da soyayyen nama ƙarfe goma sha ɗaya, shinkafa ƙarfe biyu, a koma kan kujera har la'asar, wani lokaci ma taron a kan kiwon lafiya ake yin sa.

Motsa jiki kuwa girman kai ne ya kashe shi. Abin da likitoci ke nema minti 150 ne a mako, minti 20 da ɗoriya a rana. Zama wuri guda sama da awa 4 yana ninka haɗarin daskarewar jini a jijiyar ƙafa, a mota ne ko a jirgi. In an tsaya salla, me zai hana mutum ya zaga tasha sau biyu kafin direba ya gama cin tuwonsa? A'a, Alhaji ba ya tafiya a ƙasa, kada a ce ya karye. Masaukinsa na hawa na biyu, zai tsaya minti biyar yana jiran na'urar hawa bene, matakala na gefensa babu kowa a kai. Masallaci na bayan otal, sai an kira masa ɗan adaidaita.