A Bar Mu Mu Yi Yaƙin Wata A Kan Tebur



Duk wanda ya leƙa ɗakin gwaje-gwaje ranar Alhamis ɗin da ta wuce bayan an tashi daga aji, ya ga abin da ya sa muka ɗauki biro. An haɗa tebura biyu, an baza yashi da toka a kai, an danna gindin ƙwarya nan da can don a fitar da ramuka irin na doron wata. 'Yan kulob ɗin JETS ne suka kewaye teburin. Marafan kwalba ja da shuɗi su ne sojoji. Motocinsu kuwa na gwangwanin madara ne da kara da waya, irin waɗanda muke ƙerawa tun muna firamare. Da rula suke auna tafiyar kowace mota, da ɗan lido kuma suke yanke hukuncin ko harbi ya samu ko ya kuskure.

Kafin Litinin magana ta isa ofishin malamai. Wasu suka ce ɓata lokaci ne ga jarrabawa ta ƙarato. Wasu suka ce abin ya yi kama da caca. Wasu kuma suka ce koya wa yara son faɗa ne. Yanzu an dakatar da wasan har sai an zauna. Mu 'yan kulob ɗin jarida mun je mun kalla, mun karanta dokokin da suka rubuta a littafin aiki, kuma ra'ayinmu shi ne a bar su su ci gaba. Amma muna da sharaɗi guda: kada a yarda da wata doka, ko makami, ko mota, sai an kawo hujjarta daga Fiziks.

Da farko, wannan wasa ba 'yan JETS suka ƙirƙire shi ba. A shekarar 1824 wani hafsan sojan Furushiya mai suna Georg von Reisswitz ya gabatar da wasan yaƙi a kan taswira, da 'yan guntayen ƙarfe a matsayin rundunoni, aka riƙa koya wa hafsoshi tunani da shi. A 1913 marubucin Ingila H. G. Wells ya buga littafin Little Wars, inda ya tsara dokokin wasa da ƙananan sojojin dalma a ƙasan ɗaki. A yau mafi shaharar irin wannan wasa shi ne Warhammer 40,000, wanda ya fito a 1987. Sai dai shi wannan tatsuniya ce zalla, cike da dodanni da takubban wuta. Abin da ya ba mu sha'awa a na 'yan uwanmu shi ne sun ƙi bin wannan hanya. Sun ɗauki watan da muke gani da ido, suka tambayi kansu: me zai yi aiki a can, me ba zai yi ba?

Mu fara da bindiga. Da yawanmu mun ɗauka ba za ta tashi ba tunda babu iska. Za ta tashi, domin albarushin da ke cikin harsashi yana ɗauke da sinadarin da ke ba shi iskar ƙonewa. Abin da ba za a ji ba shi ne ƙara, tunda sauti sai da iska yake tafiya. Sannan ƙarfin jan wata 1.62 ne, na duniya kuwa 9.8, wato kusan kashi ɗaya cikin shida. Harsashin AK-47 yana fita da gudun mita 715 a daƙiƙa. Ku ɗauko lissafin da aka koya mana a SS2: a ninka gudun da kansa, a raba da ƙarfin ja. Za ku samu sama da kilomita 300, wato ya fi nisan Kano zuwa Kaduna. A duniya iska ce ke tare shi ya faɗi bayan 'yan kilomitoci.

To sai wani ɗan JETS ya ce ke nan kowa na iya harbin kowa daga ko'ina. Nan ma lissafi ya ƙaryata shi. Wata ƙarami ne, daga tsakiyarsa zuwa doronsa kilomita 1,737 ne kawai, don haka ƙasarsa tana saurin lanƙwasawa. Mutumin da ke tsaye ba ya hango abin da ya wuce kilomita 2.4. A ma'auninsu santimita 1 ita ce mita 10, ka ga ke nan tsawon teburan nan biyu shi ne kusan iyakar ganin soja. Harsashi yana zuwa nesa, ido ba ya zuwa. Haka rediyo, miƙe yake tafiya, da ka shiga bayan tudu ka rabu da 'yan uwanka. Kamfas ma ba ya aiki, don wata ba shi da maganaɗisu irin na duniya da zai juya allura.

Akwai kuma matsalar zafi. A nan iska ce ke sanyaya bakin bindiga. A can babu, don haka dokarsu ta ce duk wanda ya yi harbi sau uku a jere sai ya huta zagaye biyu. Da rana zafin doron wata yana kaiwa digiri 120, da dare sanyi ya wuce digiri 130 ƙasa da sifili, kuma kowannensu yana ɗaukar kimanin kwana 14 na duniya. Wanda ya dogara da hasken rana don cajin batir, to ya san yana da daren mako biyu a gabansa.

Motoci su ne suka fi jawo gardama. Wani ya zo da helikwafta da ya ƙera, mai kyau ƙwarai, aka mayar masa da abinsa: fukafukai ba su da iskar da za su tura. Wani ya kawo tankar yaƙi mai shan dizal, ita ma aka ƙi, tunda injin mai ba ya ƙonewa sai da iska. Abin da aka amince da shi shi ne irin motocin da suka taɓa taka wata da gaske. Tarayyar Sobiyat ta sauke Lunokhod 1 a 1970, mai ƙafa takwas, ba direba a ciki, daga duniya ake tuƙa ta. Nisan wata kimanin kilomita 384,400 ne, saƙo yana ɗaukar daƙiƙa 1.3 kafin ya je, wata 1.3 kafin ya dawo. Saboda haka a wasan, mai irin wannan mota sai ya rubuta umarninsa a takarda, a aiwatar da shi a zagaye na gaba, ko da kuwa rami ya bayyana a gabanta.

Ɗaya motar ita ce wadda 'yan sama jannatin Amurka suka tuƙa a tafiyoyin Apollo 15 da 16 da 17, tsakanin 1971 da 1972. Nauyinta kimanin kilo 210, batir ke jan ta, ƙafafunta saƙar waya ce ba roba mai iska ba. Gudu mafi yawa da aka yi da ita shi ne kilomita 18 a awa, wanda Eugene Cernan ya yi. Mai keke a cikinmu zai wuce ta. Kuma an kafa musu doka: kada su yi nisan da in motar ta lalace ba za su iya komowa da ƙafa ba kafin iskar shaƙarsu ta ƙare. Wannan doka 'yan JETS suka ɗauka kai tsaye. Kowane marfin kwalba ana ba shi ƙwayar wake 15, kowane zagaye a cire ɗaya. Wanda wakensa ya ƙare bai koma sansani ba, ya fita daga wasa, ko ba wanda ya taɓa shi.

Sai ƙura. Mu da muka san harmatan muna ganin mun san ƙura, amma ta wata daban ce. Babu ruwa ko iska da za su goge mata kaifi, don haka tana nan kamar garin kwalba. Ta karce gilasan hulunan 'yan Apollo, ta maƙale a gaɓoɓin rigunansu. A Apollo 17 murfin ƙafar mota ya karye, ƙura ta dinga zubo musu, sai da suka haɗa taswirori da salatif suka yi faci. A wasan, duk motar da ta yi gudu sosai sai a jefa ɗan lido a ga ko ƙura ta kama ta.

Yanzu mu koma kan ƙorafin malamanmu, domin ba mu raina ko ɗaya daga ciki ba.

Na ɓata lokaci: mu duba manhajar WAEC da NECO. Akwai tafiyar abin da aka harba, akwai ƙarfin ja, akwai bambancin nauyi da yawan jiki, akwai yadda zafi ke tafiya, akwai sauti. Duk mun haddace su, da yawanmu ba mu fahimce su ba. A gaban teburin nan mun ga ɗan SS1 yana yi wa ɗan SS3 bayanin dalilin da ya sa soja a wata yake da sauƙin tsalle amma tsayawa take masa wuya: nauyinsa ne ya ragu, yawan jikinsa da na rigarsa yana nan, ga ƙafa ba ta riƙe ƙasa sosai. Ba don maki ya koya ba, don kada a cuce shi a wasa ne. Gani ya kori ji.

Na caca: caca tana nan ne inda aka sa kuɗi ko kaya, wani ya ci wani ya rasa. A nan ba a sa ko kwabo ba, kuma muna goyon bayan a kori duk wanda ya kawo wannan. In ɗan lidon ne ke damun zukata, a rubuta lamba 1 zuwa 6 a takardu a riƙa zara daga ambulan. Aikinsa ɗaya ne, ya tuna mana cewa ko shiri ya yi kyau, na'ura tana iya ba da matsala.

Na uku shi ne mafi nauyi, kuma shi muka fi daɗewa muna tattaunawa. A makarantar nan akwai waɗanda bindiga ta raba da iyayensu, akwai waɗanda suka baro garuruwansu ba da son ransu ba. Gare su kalmar yaƙi ba abin wasa ba ce. Malamin da ya ce a yi hattara ya yi gaskiya. Amma ga abin da muka gani. A wasanni huɗun da aka buga kafin dakatarwa, marafan da suka fita saboda ƙarewar wake da lalacewar mota sun fi waɗanda aka harba yawa. Ƙaramin huji a riga ya isa, domin mutum ba ya wuce daƙiƙa 15 a hayyacinsa in babu iska. Ɓangaren da ya yi nasara a wasan ƙarshe ko harbi ɗaya bai yi ba. Motarsa ya kiyaye, ya lissafa wakensa, ya isa ramin ƙanƙara ya dawo, yayin da abokan karawarsa suka ƙare iskarsu wajen farautarsa. Fina-finan da muke kalla a waya suna nuna jarumi yana harbi ba ya mutuwa. Teburin nan ya nuna akasin haka. Shi kansa Wells abin da ya so masu wasansa su gane ke nan, cewa wanda ya ga yadda ƙaramin yaƙi ke rikicewa zai san babban wauta ne.

Kada kuma mu ɗauka zancen yaƙi a wata mafarkin yara ne. A 1958 sojan saman Amurka sun yi nazarin tayar da bam ɗin nukiliya a doron wata, a wani shiri da ake kira A119. A 1959 sojan ƙasansu suka tsara kafa sansani a can, mai suna Horizon. Dukansu ba a aiwatar ba. A 1967 aka rattaba hannu a kan yarjejeniyar sararin samaniya, wadda ta haramta kafa sansanin soja, da gwajin makamai, da atisayen soja a wata, ta kuma hana kowace ƙasa cewa wani yanki nata ne. Yau an sake komawa tseren. Sin ta sauke mota a bayan wata a 2019. Indiya ta sauka kusa da kudancinsa ranar 23 ga Agusta, 2023. Abin da ke jan hankalin kowa shi ne ƙanƙarar da ke cikin ramukan kudu waɗanda rana ba ta taɓa shiga, don daga ita ake iya samun ruwan sha da iskar shaƙa da man roka. Ƙasarmu ma ba 'yar kallo ba ce: a Disamba 2022 Nijeriya da Ruwanda suka zama ƙasashen Afirka na farko da suka sa hannu a yarjejeniyar Artemis kan binciken wata cikin lumana. Waɗanda za su wakilce mu a irin wannan zama nan gaba, yanzu suna zaune a aji irin namu.

Saboda haka ga roƙonmu ga Shugaban makaranta da kwamitin malamai. A ba 'yan JETS awa ɗaya ranar Alhamis, ƙarƙashin kulawar malamin Fiziks. Duk sabuwar doka a rubuta ta tare da lissafinta, a liƙa a wannan allo kowa ya bincika. Kada a sa wa rundunonin sunan wata ƙabila, ko addini, ko ƙasa. Ja da shuɗi sun wadatar. A riƙa ba da maki mafi yawa ga wanda ya dawo da mutanensa da rai, har da wanda ya ɗauko abokin gaba da iskarsa ta kusa ƙarewa. A buɗe ƙofa ga 'yan mata da 'yan ajin fasaha, a kuma dakata mako biyu kafin kowace jarrabawa.

Ku kuma 'yan JETS, ku share yashin nan in kun gama, mai shara ba bawanku ba ne. Wanda ya ga kuskure a lissafinmu na sama, ko yake da ra'ayi saɓanin namu, ya jefa takardarsa a akwatin kulob kafin Laraba. Za mu liƙa ta a nan mako mai zuwa, in Allah ya kai mu.