Fim ɗin ban tsoro: ya kai a hau mota zuwa Kano?

1/ Wani ya tambaye ni ko finafinan ban tsoro na yanzu sun kai mutum ya taso daga Funtua zuwa sinima a Kano. Yawancinsu a'a. Ƙofa ta yi ƙara, aljani ya leƙo, shi ke nan. Karɓo su wajen masu turi ka huta.

2/ Amma Sinners na 2025 daban ne. Michael B. Jordan ya fito a 'yan biyu, a Misisifi ta Amurka, shekarar 1932, cikin manoman auduga. Ɗan Funtua ko Malumfashi na ganin gonakin nan zai gane wahalar. Masu shan jinin ma sai can gaba suke fitowa.

3/ Kiɗa ne ƙarfinsa. A waya, ga janareto ga yara na kiran Baba, wallahi rabin fim ɗin ka kalla. Wannan kam ya ci kuɗin motarsa.

4/ Weapons kuwa, yara 17 ne 'yan aji ɗaya suka ɓace cikin dare. Bature nishaɗi ya gani. Ni Ƙanƙara na tuna, Disambar 2020, ɗalibai sama da 300. Na ga iyaye a fim ɗin suna jiran labari, na kasa ƙarasawa. Fim ɗin ya yi kyau fa, ban dai ba kowa shawara ba.

5/ In za ka je, shiga na rana. Ka kwana a Kano in yamma ta yi. Kada ka biyo hanyar Gwarzo zuwa Dayi da dare saboda fim, malam.