Mastar daga nesa ba mastar banza ba ce, ku daina yi mana dariya

Yau da haushi nake rubutu.

A watan jiya na kai dosiyena wata ƙungiya a Damagaram, suna neman ma'aikaci. Mutumin da ya karɓe ni ya duba takarduna, ya ga an rubuta cewa mastar ɗina daga nesa na yi ta. Sai ya yi murmushi ya ce: "Au, irin mastar WhatsApp ɗin nan ce?" Bai tambaye ni me na karanta ba, bai buɗe memuwar ɗina ba. Ya maido mini da dosiye, ya ce za su kira ni. Har yau shiru.

To bari in faɗa muku yadda aka yi wannan "mastar WhatsApp". Bayan na gama lisansi a jami'ar Damagaram, na koma gida Kurni ina koyarwa a matsayin ɗan kwantiragi. Albashin kun san shi, kun kuma san yadda yake zuwa. Ga tsoho, ga ƙanne, ga gona. Wa zan bar wa su in tafi Yamai, tafiyar kusan kilomita 900, in kama haya shekara biyu? Da rana ina aji da yara, da dare ina karatu da waya da wata tsohuwar kwamfuta da nake caji da faranti mai hasken rana. Ranar da rezo ya ƙi, sai in hau babur zuwa Matamai don kawai in tura aikin gida kafin lokaci ya ƙure. Jarabawa kuma a zaure na rubuta ta, da mai tsaro a kaina, da katin shaida a kan tebur. Memuwar na kare shi a gaban malamai uku, suka yi mini tambayoyi har gumi ya karyo mini. Wannan ne wani ke zaune cikin sanyin ofis yana kira wasa.

Za ku ce ai akwai ƴan damfara. Ƙwarai akwai, kuma ni na fi kowa jin haushinsu don su suka ɓata mana suna. Amma ku tuna abin da ya faru a ƙarshen 2023: ɗan jaridar Daily Nigerian, Umar Audu, ya sayo digiri daga wata jami'a a Kwatano cikin mako shida, har Najeriya ta dakatar da tantance takardun Benin da Togo a farkon 2024. Wannan makarantar tana da gini da ƙofa da allo a bakin titi. Ginin ya hana ƙarya? Takardar jabu daga rashin sa ido take fitowa, ko a zaure ko a intanet.

Kuma karatu daga nesa ba jiya aka fara shi ba. Nelson Mandela yana tsare ya samu digirinsa na lauya daga jami'ar UNISA a 1989. Ingila ta buɗe Open University tun 1969. Maƙwabtanmu suna da NOUN, inda Obasanjo ya koma ɗalibi bayan ya sauka daga mulki har ya yi digirin dakta. Senegal ta buɗe tata jami'ar ta intanet a 2013. Su suna faɗaɗa hanya, mu muna nan muna gardamar ko wanda bai zauna kan benci ba ya yi karatu.

Ku duba su wa wannan rainin yake dannewa. Ɗan mai kuɗi zai tafi Maroko ko Turkiyya ya dawo da takarda, ba mai ɗaga masa gira. Wanda ake wa dariya shi ne mushen ƙauye, da ungozomar da ita kaɗai ce a asibitin gari, da ƙanwarmu da aka aurar tana da goyo amma ba ta haƙura da karatu ba. In kun ce sai wanda ya tare a birni ne karatunsa ke da daraja, kun ce wa duk mai ilimi ya gudu daga karkara. Sannan ku dawo kuna kukan ba malamai a ƙauye.

Abin da muke nema ba shi da wuya. Ma'aikatar ilimi mai zurfi ta fitar da jerin makarantun nesa da ta yarda da takardunsu, kowa ya gani kafin ya zuba kuɗinsa. Masu ɗaukar aiki su duba ko gwamnati ko CAMES sun amince da takardar, sannan su gwada mutum. A ba mu kwankur ɗaya, tambaya ɗaya. In na faɗi, na yarda.

Ku kuma ƴan uwa masu shirin shiga, kada ku biya ko dala sai kun tambaya: wa ya amince da makarantar, ina ake jarabawa, akwai kare memuwar? Duk wanda ya ce mastar cikin wata uku, ɓarawo ne.

Dosiyena yana nan cikin jaka. Litinin mai zuwa zan sake kai shi wani wuri, kuma ba zan goge kalmar "daga nesa" ba.