Murya taki, suna na wata

Jama'a, da yawanmu mun ji waƙar nan "Gonna Make You Sweat" ta C+C Music Factory, wadda ta fito a 1990. Amma mutum nawa suka san mai muryar? Sunanta Martha Wash, baƙar fata 'yar San Francisco a Amurka. A coci ta koyi waƙa, ta yi wa Sylvester amshi, sannan ta yi suna da ƙungiyar Weather Girls a 1982.

To da kiɗan rawa na house, wanda ya taso daga Chicago, ya mamaye duniya, sai masu haɗa kiɗa suka ga na'ura kaɗai ba ta isa ba, sai da murya mai ratsa jiki irin ta mawaƙan soul. Suka nemi Martha. Amma da aka zo bidiyo sai aka sa wata siririya, Zelma Davis, tana motsa baki. Ƙungiyar Black Box ta Italiya ma haka ta yi mata a kundin "Dreamland", aka sa Katrin Quinol a gaba. Wai ita Martha tana da jiki, ba za ta ja kasuwa ba. Muryarta ta yi, siffarta ce ba ta yi ba. Kun ji rainin hankali!

Baiwar Allah ba ta tsaya kuka ba, kotu ta nufa. Aka yi sulhu, kamfanin RCA ya ba ta kwantiragi. A 1993 kundinta na farko ya fito, sunansa "Martha Wash" kawai, kuma waƙoƙi biyu a ciki, "Carry On" da "Give It to You", suka hau na ɗaya a jerin waƙoƙin rawa na Billboard. A ganina darajar kundin nan tana bangonsa tun kafin a kunna shi: sunanta ne, fuskarta ce.

Mu dawo gida. A finafinan Hausa kowa ya san mawaƙiya ke rerawa, jaruma ta hau kai, babu yaudara a nan. Sai dai fa jaruma ce ke kwashe farin jini da tallace-tallace, mai muryar a sallame ta sau ɗaya, waƙar kuma ta yi ta kawo kuɗi a YouTube. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Mawaƙanmu, musamman mata, kada ku shiga situdiyo sai da yarjejeniya a rubuce: suna a jiki, kaso a fayyace. Mu kuma masu saurare, in waƙa ta burge mu, mu riƙa tambayar wa ya rera ta. Haƙƙi dai ba ya tsufa.