Janar Buhari Da Mutanen Bakin Iyaka: Wa Zai Biya Haƙƙin Lolo Da Tsamiya?

Tun da Janar Muhammadu Buhari ya rasu a wani asibitin London ran 13 ga Yulin 2025, aka kawo gawarsa Daura aka binne, 'yan kanzagi suke ta jero muƙaman da ya riƙe a soja kamar masu jan carbi. Wai jarumi ne, wai mai gaskiya ne, wai uban talakawa ne. Duk wanda ya buɗe baki sai a ce masa ai ba a ambaton mamaci sai da alheri. To, hisabinsa dai yana wajen Allah, ba wanda ya isa ya shiga tsakani. Amma haƙƙin bayin Allah ba ya bin mutum cikin kabari ya ɓace, kuma mutanen ƙasar Bagudo da ke bakin iyakar Benin suna da nasu tarihin Janar ɗin da ba a karanta shi a rediyon gwamnati.

A fara daga inda aka ƙera shi. Ya shiga makarantar horar da sojoji ta Kaduna a 1962, aka tura shi Aldershot ta ƙasar Ingila, ya fito da anini ɗaya a Janairun 1963. Daga baya ya ƙaro karatu a Indiya, sannan a kwalejin yaƙi ta sojojin Amurka daga 1979 zuwa 1980. Yana cikin juyin mulkin Yulin 1966, ya yi yaƙin basasa, Murtala ya ba shi Gwamnan Jihar Arewa Maso Gabas a 1975, Obasanjo ya ba shi harkar man fetur a 1976. A 1983, yana kwamandan runduna ta uku a Jos, ya fatattaki sojojin Chadi har ya kutsa cikin ƙasarsu. Ƙarshen wannan shekarar, ran 31 ga Disamba, sojoji suka kifar da Shagari suka ɗora shi.

Mai karatu ya lura da abu ɗaya. Duk makarantun nan ba inda ake koya wa ɗalibi cewa iyakokin ƙasar nan ƙirƙirar Nasara ne. Abin da ake koya masa shi ne ya tsare layin da Bature ya zana, ko da layin ya ratsa tsakiyar gonar wani.

Layin Bagudo kuwa an san ranar haihuwarsa. A Yunin 1898 Ingila da Faransa suka zauna a Paris suka raba ƙasar Borgu kamar naman layya: Nikki ta faɗa hannun Faransa, Busa da Illo suka faɗa hannun Ingila. Ba a tambayi Dandawa ba, ba a tambayi Kyangawa ko Busawa ko Fulanin da ke kiwo a gaɓar Kwara ba. Har gobe mutumin Tsamiya yana da kawu a Segbana, mutumin Lolo yana da suruki a tsallake, liman ɗaya ne yake ɗaura musu aure, alƙibla ɗaya suke kallo. Wannan zumuncin ne Janar ya datse har sau biyu.

Na farko a Afrilun 1984, lokacin da ya canza launin kuɗi ya rufe duk iyakokin ƙasa. A shekarar da fari ya ƙone Sahel ke nan! Musulmin Nijar da suka saba sayen hatsi a kasuwannin wannan ɓangaren suka wayi gari ƙofa a garƙame. Yunwar da ta biyo baya har suna suka raɗa mata, 'Yar Buhari, kuma dattawansu ba su manta ba. A 1985 aka bi baƙi dubun dubata aka kora. Ba a buɗe iyakar ba sai a Maris 1986, bayan abokan aikinsa sun tumɓuke shi ran 27 ga Agustan 1985.

Shekara talatin da biyar bayan rufewar farko, ya cire kaki ya sa babbar riga, amma hannun bai canza ba. A Agustan 2019 ya sake rufe iyakokin tudu, wai don a hana fasa-ƙwaurin shinkafa da makamai. A Nuwamban shekarar hukumar kwastan, ƙarƙashin wani tsohon Kanar, Hameed Ali, ta hana kai fetur duk gidan man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka. Ashe zama ɗan bakin iyaka laifi ne? Manomin rani da ke ba shinkafarsa ruwa da injin ban-ruwa a fadamar Kwara, da me zai tayar da injin? Ɗan acaɓa fa? Mai jirgin ruwan da ke tsallakar da mutane ranar kasuwa fa? Mai haƙuri ya sayi man bumburutu da tsadar tsiya, marar haƙuri ya bi ta daji ya haɗu da masu bindiga, ko na gwamnati ko na jeji. Abin takaicin, a wannan Jihar ta Kebbi ne Janar ya zo a Nuwamban 2015 ya ƙaddamar da shirin bashin manoman shinkafa, ana ta tafi.

Ko rufewar ta shafi kowa? Ina! A Nuwamban 2020 ta fito fili cewa an ba kamfanonin Dangote da BUA izinin fitar da kayansu ta iyakokin da aka ce a rufe suke. Tirelar attajiri ta wuce da takarda, matar da ta ɗauko tiya biyu ta shinkafa daga gidan ɗiyarta a tsallake ita ce 'yar sumoga.

Makaman da aka ce za a tare kuma? Ran 11 ga Disamban 2020, iyaka tana rufe, Janar yana hutawa a Daura, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 300 a Ƙanƙara, cikin jiharsa. Kwana biyar bayan haka aka buɗe Seme da Illela da Maigatari da Mfum. Kamba, maƙwabciyar Bagudo, sai a Afrilun 2022. A Yunin 2021 aka shiga makarantar gwamnatin tarayya ta Birnin Yawuri aka yi awon gaba da 'ya'yan mutane. Yau ga Lakurawa suna ratsa dazuzzukan iyakar Kebbi yadda suka ga dama. Layin da ya gagari mai tallan albasa bai taɓa gagarar mai AK47 ba.

Inda ƙarfin sojan ya nuna kansa shi ne Zariya, daga 12 zuwa 14 ga Disamban 2015. Gwamnatin Kaduna da bakinta ta shaida wa kwamitin bincike cewa gawa 347 aka zuba a rami ɗaya a Mando. Babban Kwamandan askarawa a lokacin shi ne wannan Janar ɗin, kuma har ya sauka a 2023 ba sojan da aka gurfanar a kai. Kotun tarayya ta ce a saki Shaikh Ibrahim Zakzaky da mai ɗakinsa a Disamban 2016, aka yi kunnen uwar shegu da hukuncin har zuwa Yulin 2021.

Masu rubuta tarihin Janar su ƙara wannan babin. In sun rasa shaidu, motar Bagudo tana tashi daga tashar Birnin Kebbi.